Kalanda Da Wasiƙu A Wayar Hannu: Abin Da Ke Kawo Saɓani Da Maganinsa

Malaman makaranta da ma'aikatan ofis na ƙasar Gaya da Ajingi sun daɗe suna kawo wani kuka, wanda mu ke ganin ya isa a zauna a yi bayaninsa a fili. Kukan kuwa shi ne, wai wayar hannu tana cin amanarsu. Wani ya ce an aiko masa wasiƙar imel ta kiran taro, ba ta faɗo wayarsa ba sai da aka kwana 2 da tashi daga taron. Wani ya ce ya rubuta ranakun jarrabawa kaf cikin kalandar wayarsa, da wayar ta lalace ya sayi sabuwa, ya buɗe kalanda ya tarar da ita fara fat. Wani kuma wayarsa ta nuna masa ƙarfe 11, alhali kuwa ƙarfe 9 aka sa taro.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A zamanin nan kiran horon malamai, da rajistar jarrabawar hukumar TRCN, da takardun yaranmu masu neman shiga manyan makarantu ta hannun JAMB, galibinsu ta intanet su ke bi. Gaya kuwa tana da nisan wajen mil 40 gabas da birnin Kano. Malamin da ke Kademi ko Toranke, in rana ta kuɓuce masa, sai ya sake biyan kuɗin mota ta Wudil zuwa birni don ya ba da hanzari, ya bar aji babu kowa, wani lokaci ma ya tarar an rufe littafi sai baɗi. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda abin nan ya ke aiki, don ya iya gyara wa kansa.

Ina asalin littafin ya ke?

Waɗanda suka riski zamanin En'e, ko suka ji labari daga bakin iyayensu, sun san yadda a ke yi da littafin haraji. Kowace shekara malamai su kan zaga ƙauyuka su yi ƙidaya, dagaci ya tara kuɗi, a ba kowa rasiɗi, hakimi ya aika da kuɗin da lissafinsu zuwa Baitulmali a birnin Kano. Akwai littafi a ofishin hakimi a Gaya, akwai kuma ɗan'uwansa a birni, masinja yana kai da kawo tsakaninsu. In lissafin biyu ya saɓa, akawu mai hankali ya kan bi sawu daki-daki: shin an rubuta a littafin da ya kamata? Masinja ya tashi? Ya isa? An karɓi takardarsa? En'e dai ƙananan hukumomi sun gaje ta tun 1976, haraji da jangali kuwa Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano cikin 1979, amma wannan dabara ta bin sawu har gobe tana da amfani.

Dalili kuwa, wasiƙun imel da kalandar intanet bisa wannan tsari aka gina su. Sa'ad da mutum ya buɗe asusu a Google, ko Microsoft, ko Yahoo, to, an buɗe masa littafi ke nan a cikin manyan kwamfutocin kamfanin, can wata ƙasa mai nisa. Wannan shi ne asali. Abin da ya ke gani a fuskar wayarsa kwafe ne kurum. Lokaci lokaci wayar ta kan aika can ta tambaya ko akwai sabon abu, ta kuma kai abin da mai ita ya rubuta. Wannan kai da kawo shi mu ke kira daidaitawa, alamarsa a waya kuwa kibiya biyu ne masu bin juna a da'ira. Duk saɓanin da mu ka ambata a sama, daga wani wuri ne a kan hanyar masinjan nan.

To, matakin farko shi ne a duba asali. Mutum ya buɗe Chrome a wayarsa, ko ya sami kwamfuta a ofis, ya shiga asusunsa kai tsaye da adireshinsa da kalmar sirrinsa. In ya ga wasiƙar da ya ke nema tana can, ya tabbata laifin na waya ne. In ba ta can, sai ya leƙa akwatin tarkace, inda kamfani ke jefa wasiƙun da ya ke zargi, domin sau da yawa takardar da aka aika wa mutane masu yawa gaba ɗaya can ta ke faɗawa. In nan ma babu, mai yiwuwa wanda ya aiko ya kuskure harafi ɗaya ko ɗigo ɗaya cikin adireshin. Gyaran waya ba zai kawo wannan wasiƙa ba, sai a koma wurin wanda ya aiko.

Haka kuma kalanda. Wayoyi da yawa suna zuwa da kalanda iri biyu, akwai wadda ke zaune cikin wayar kaɗai, akwai wadda ke haɗe da asusu. Duk sa'ad da za a rubuta wata rana, a sama ko a ƙasan shafin a kan nuna sunan kalandar da abin zai shiga. In adireshin imel ɗinka ka gani, rubutun zai isa ma'aji. In kuwa sunan wayar ne, to, ka rubuta a takardar aljihu, ran da wayar ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya ɗauke ta a kasuwa, ta tafi da shi ke nan. Masu iPhone su ma su duba wannan, domin tasu ta kan zuba rubutu cikin iCloud, su kuwa suna nemansa a Google. Wanda ke da adireshi biyu ko uku a waya guda, ya lura kada ya rubuta a ɗaya ya nema a ɗaya.

Abin da ke tsai da masinja

In an tabbata asali yana nan lafiya, sai a juyo kan wayar. A shiga saitin waya, a nemi wurin asusu, a taɓa sunan adireshin, za a ga jerin abubuwa kowanne da makunninsa: wasiƙu, kalanda, lambobin mutane. A ƙarƙashin kowanne an rubuta ranar da aka daidaita shi ta ƙarshe. Wannan kwanan wata shi ne shaida. In ya nuna wata 3 da suka wuce, ka san tun sa'an nan masinja ya ke kwance. A kunna makunnin, a danna umurnin daidaitawa nan take, a jira.

Me ke kashe shi tun da fari? Yawanci mu ne da kanmu, saboda tattali. Kowa ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu, mutum ya kan kai wayarsa shagon caji ya biya, don haka ya ke kunna abin tsimin batir ya bar shi dare da rana. Data kuma da tsada, sai a kunna abin tsimin data, ko a kashe ta ɗungum sai za a leƙa WhatsApp. Waɗannan abubuwa biyu aikinsu shi ne su hana manhajoji yin aiki a ɓoye sa'ad da ba a buɗe su ba, daidaitawa kuwa aikin ɓoye ne. Ba mu ce a daina tattali ba. Cikin saitin akwai wurin da a ke keɓe wasu manhajoji a ce ban da su. A keɓe ta wasiƙu da ta kalanda. Rubutu zalla ba ya cin data ƙwarai, hotuna da bidiyo su ne masu lashe ta.

Akwai kuma raunin sabis. A inda sabis ba shi da ƙarfi, magana ta kan wuce, gajeren saƙo ya wuce, amma wasiƙa mai ɗauke da hotunan takardu ta maƙale a akwatin fita tana jiran layi. Mai ita ya danna ya sa waya aljihu, yana tsammani sakamakon jarrabawar yara ya isa ofishin ilimi, ashe yana nan tare da shi. Gmail ba ya ɗaukar kayan da suka wuce megabayit 25 a jikin wasiƙa guda, inda sabis ke da rauni kuwa ko rabin wannan ma aiki ne. Dokar ita ce, kada ka ce ka aika sai ka ga wasiƙar a akwatin waɗanda aka aika. Wanda kuma ke neman tsohuwar wasiƙa a inda babu sabis, ya sani manhajar Gmail bisa al'ada wasiƙun kwana 30 na baya ta ke ajiyewa cikin waya, sauran sai an koma kan intanet.

Mabuɗi a hannun wani

Yanzu mun zo kan abin da mu ke gani shi ne tushen yawancin wahalar. Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya cikin 2001, har manyan wayoyi masu shafawa suka yawaita, al'adar da ta kafu ita ce, mutum ya sayi waya a kasuwa, kamar Farm Centre a Kano, ko wurin wani mai shago a gari, ya ce a saita masa. Yaron shago ya buɗe masa asusu cikin minti 5, ya zaɓi suna da kalmar sirri daga kansa, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa shi, ya miƙa. Mai waya ya tafi yana murna, bai san adireshinsa ba, balle mabuɗinsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Muddin wayar tana lafiya ba a ganin aibin, sai ran da kamfani ya nemi a sake shigar da kalmar sirri. Daga ran nan daidaitawa ta tsaya cik, sai dai wata 'yar sanarwa a saman waya wadda ba wanda ke karantawa.

Abin da a kan yi kuwa shi ne a koma shago a buɗe sabon asusu. Da haka za ka ga malami ɗaya da adireshi 4, ofishin ilimi yana aika wa na farko, shi yana jira a na huɗu. Wasiƙun ba su ɓata ba, suna can jibge a ɗakin da ya rasa mabuɗinsa. Kuma ba za su jira shi har abada ba, domin tun Disamba 1 ga wata 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba yana iya share shi da duk abin da ke ciki.

Lambar waya ma mabuɗi ce. In an manta kalmar sirri, kamfani ya kan aika wasu lambobi zuwa layin da aka rubuta tun farko. Tun Disamba 2020 Gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, layuka masu yawa kuwa an rufe su saboda rashin yin haka. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma, kamfanin waya ya kan sayar wa wani. Wanda asusunsa ke rataye da irin wannan layi yana cikin hatsari biyu: shi ba zai sami lambobin ba, wani baƙo kuwa zai samu. Yau, tun asusu yana buɗe, ya kamata kowa ya shiga ya sa layin da ke hannunsa, ya sake kalmar sirri zuwa wadda shi kaɗai ya sani, ya rubuta ta a takarda ya adana inda ya ke adana takardun makarantarsa.

Wata matsala ta tsofaffin wayoyi ce. Da can manhajar wasiƙu kowace iri tana iya shiga asusu da kalmar sirri kaɗai. Google ya rufe wannan ƙofa ga asusun jama'a cikin 2022, Microsoft kuma cikin 2024, saboda tsaro. Wanda tsohuwar manhajarsa ta dinga cewa kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai ta ke, ya sauko da manhajar kamfanin ta ainihi, ya shiga ta nan.

Agogo da kwanan wata

Saɓanin lokaci kuwa daga agogo ya ke. Nijeriya duka agogo ɗaya gare ta, awa 1 gaba da na Girinwic, ba a matsar da shi rani ko damina. Kalandar intanet ba ta ajiye "ƙarfe 9" yadda ka rubuta, sai ta mai da shi lissafin duniya, sa'an nan kowace waya ta fassara shi gwargwadon ƙasar da aka gaya mata tana ciki. Agogon Makka awa 2 ya ke gaba da namu. A ce alhaji ya dawo daga aikin Hajji, wayarsa tana kan yankin Saudiyya, ya gyara agogon da hannu bai sake yankin ba. Fuskar waya za ta nuna lokaci daidai, amma gayyatar taron ƙarfe 9 za ta fito masa ƙarfe 11. Wayoyin hannu-na-biyu da a ke kawowa daga Ingila su ma suna da tasu: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai ya ke da namu, ba a ganin komai, sai ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba ya koma baya da awa 1. Magani shi ne a bar waya ta ɗauki lokaci da yanki da kanta daga sabis, in kuwa za a zaɓa da hannu a zaɓi Legas.

Kwanan wata in ya karkace ƙwarai, daidaitawa ma ba ta yiwuwa sam. Kwamfutar kamfani tana nuna wa waya wata takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Wayar da batirinta ya mutu ta tashi tana zaton shekarun baya a ke, za ta ƙi amincewa da takardar, ta ƙi karɓar komai. Ga kuma bambancin rubutu: Amurkawa wata su ke fara sawa kafin rana, saboda haka 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu kuwa 4 ga Maris. Akawun da zai aika sanarwa ya rubuta sunan watan da haruffa, ya ƙara da sunan ranar, ya huta.

Sai watan Musulunci. Kalandar waya lissafi ta ke bi, akasari irin na Ummul Ƙura na Saudiyya, an riga an tsara ta tun shekaru kafin lokacin. Mu kuwa a nan ganin wata mu ke bi, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke ba da sanarwa daga Sakkwato. Don haka ba abin mamaki ba ne a sami bambancin kwana 1, wani lokaci har 2. Wannan ba lalacewa ba ce, kada a kai waya wurin gyara saboda shi. Hutun Sallah dai a jira sanarwa. Har wa yau a tuna, a lissafinmu dare ke gaba da rana, daren Juma'a shi ne wanda ya biyo bayan magaribar Alhamis, waya kuwa sai ƙarfe 12 na dare ta ke juya kwana. Wanda ya rubuta taron daren Juma'a a gurbin Juma'a ya makara da kwana guda.

Rumbu ya cika

Google yana ba kowane asusu wurin ajiya na gigabayit 15 kyauta, Apple kuwa 5. Na Google ɗin nan, wasiƙu da hotuna da sauran takardu duk rumbu ɗaya su ke zuba. Tun Yuni 2021 hotunan da waya ke aikawa can suna cin wurin, daga 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafi. Bidiyon biki da na wa'azi da a ke turowa cikin zaurukan WhatsApp su kan cika rumbun ba da sanin mai shi ba. In ya cika, wasiƙa ba ta fita, wadda aka aiko kuma sai ta koma wa mai ita. A rage manyan bidiyo, a hana WhatsApp haɗa bidiyo cikin ajiyarsa, sa'an nan a zubar da kwandon shara, domin abin da ke cikinsa ma yana cin wuri. Cikin wayar kanta ma in ya cika maƙil, daidaitawa ta kan tsaya.

Hattara wajen gyara

Garin gyaran gira kada a rasa ido. Da yawa in waya ta yi gardama sai a ce a yi mata filashin, watau a wanke ta sarai. Kafin a yi haka, ko a cire asusu daga waya, ko a goge bayanan manhajar kalanda, lalle a duba asali a tabbata komai ya isa can, domin abin da masinja bai kai ba in an goge ya tafi ke nan. Kuma wayar Android da aka wanke ta kan nemi asusun da ke kanta da, in ba a san kalmar sirrinsa ba sai ta kulle. A kuma sani daidaitawa takobi ce mai kaifi biyu: abin da ka goge a waya ya gogu a ma'aji. Sa'a ɗaya, wasiƙun Gmail da ranakun kalandar Google da aka goge su kan zauna kwana 30 a kwandon shara, ana iya maido da su kafin wa'adin ya cika.

Muna roƙon shugabannin makarantu da manyan akawuna na Gaya, da Ajingi, har da maƙwabtansu na Albasu, su ware rabin awa a taron farkon zangon karatu saboda wannan aiki. Kowane malami ya karanta adireshinsa da bakinsa a gwada da wanda ke rubuce a littafin ofis. A aika wa kowa wasiƙar gwaji da gayyatar kalanda guda, a ga wanda ta isa wurinsa da lokacin da ta nuna masa. Wanda bai san kalmar sirrinsa ba a taimake shi ya sake ta nan take, ba tare da an sa shi ya faɗa wa kowa ba. Ofisoshi kuma, in sanarwa mai nauyi ce, su bi bayan imel da gajeren saƙo ko takarda a allon sanarwa, saboda waɗanda ke ƙauyukan da sabis bai wadata ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya taimake mu bisa riƙon amanar aikin da aka danƙa mana, amin.